Saƙo Na Wucewa, Murya Na Yankewa: Nazari a Kan Katsewar Kiran Aiki ta Intanet a Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi, taron aiki ya koma cikin waya. A watan Mayun shekarar ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo, sai ma'aikatu da bankuna da ƙungiyoyin agaji suka bi sahu. Annobar ta wuce, amma al'adar ta zauna daram. A yau jami'in lafiya a Wara, ko malamin gona a Shanga, ko ma'aikacin banki a Yelwa, ana iya aiko masa da sanarwa da safe cewa ƙarfe goma akwai taro da Birnin Kebbi ko Abuja ta Zoom, ko Microsoft Teams, ko Google Meet, ko WhatsApp.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan taro daga bakin Tafkin Kainji ya san kalaman da ke cinye rabin lokacin: "Kuna ji na?" "Muryarka na yankewa." "Fita ka sake shigowa." Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a daidai lokacin da kiran ke faɗuwa, saƙon rubutu a cikin manhajar yana tafiya lafiya lau. Shugaba a hedikwata yana ganin saƙon ma'aikacinsa ya iso, sai ya yanke hukunci cewa sabis na nan, mutumin ne dai ba ya son taro.

Wannan nazari yana bin sawun muryar tun daga bakin mai magana har kunnen mai sauraro, domin a gano inda take maƙalewa. Matsayar da ya ɗauka ita ce: kowace irin katsewa tana barin alamar da ke nuna asalinta, kuma a ƙasar Yawuri mafi yawan sanadin yana wajen ikon ma'aikaci. Saboda haka gyara na gaskiya yana farawa ne daga yadda ma'aikata ke tsara taronta.

Dalilin da ya sa saƙo ke wucewa, murya ta maƙale

Rubutu da murya ba hali ɗaya gare su a kan intanet ba. Saƙon rubutu kamar bandar kifi yake, ko ya kwana a bakin ruwa yana jiran mota zai isa kasuwa da darajarsa. Murya kuwa ɗanyen kifi ce, in ta yi jinkiri ta lalace. Idan wani ɓangare na saƙon rubutu ya ɓata a hanya, tsarin da ake kira TCP yakan sake aika shi har sai ya isa, ko da bayan sakan goma ne, mai karɓa ba zai ma lura ba. Ita murya ana yayyanka ta ne zuwa ƙananan ƙunshi, galibi kowanne na ɗauke da milisakan 20 na sauti, wato ƙunshi 50 a kowane sakan. Ana tura su ta tsarin UDP, wanda ba ya komawa neman abin da ya ɓata, domin kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da sauran amfani.

Daga nan ne ma'aunai uku suka fito waɗanda ke yanke hukunci a kan kowane kira. Na farko jinkiri. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba, in kuma ya haura 400 ta fita daga abin da za a lamunta. A nan ne mutum biyu ke fara magana tare, su yi shiru tare. Na biyu rashin daidaiton isowa, inda wani ƙunshi ke zuwa da wuri wani a makare, sai murya ta riƙa karkarwa kamar ta na'ura. Na uku ɓacewar ƙunshi, wanda ke cinye gaɓoɓin kalma. Kamfanin Microsoft ya shawarci masu amfani da manhajarsa ta taro da kada ɓacewar ta kai kashi 1 cikin 100, rashin daidaiton kuma kada ya wuce milisakan 30.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke nufin "saurin intanet" da mutane suka saba aunawa. Murya ba ta da ci. Zoom ya ce kilobit 60 zuwa 80 a sakan sun isa kiran sauti, kuma fasahar matse sauti ta Opus, wadda aka daidaita a 2012, tana iya sauka har kilobit 6. Abin da murya ke buƙata shi ne hanya marar gargada, ko da siririya ce. Layin da ke sauke fim cikin minti biyar yana iya kasa riƙe kira, idan yana tsayawa na sakan biyu lokaci zuwa lokaci.

Doguwar hanyar da murya ke bi

Idan ma'aikaci a Wara ya yi magana da shugabansa a Birnin Kebbi, hankali zai ɗauka muryar ta miƙe arewa ne ta bi Yelwa da Koko da Jega. Ba haka take yi ba. Daga waya takan hau iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga ƙarfen takan bi igiyar fiba da aka binne a gefen titi, ko ta yi tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe ta faifan nan masu kama da ganga da ake gani a saman su, har ta isa cibiyar kamfanin layin. Idan taron na mutane da yawa ne, sai ta wuce zuwa manyan kwamfutocin kamfanin manhajar, waɗanda sau da yawa suna wajen ƙasar, sannan ta juyo. Microsoft, alal misali, ya buɗe manyan cibiyoyin bayanansa na farko a Afirka ne a 2019, a Johannesburg da Cape Town.

Tazara tana da kuɗinta. Haske a cikin fiba yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan. Igiyar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ne, wato milisakan 35 zuwa, 35 dawowa, kafin a ƙara tafiyar Kebbi zuwa Legas da tsayawar da ake yi a kowace mahaɗa. Ma'ana, tun kafin wata matsala ta faru, mai kira daga Yawuri ya riga ya kashe kaso mai tsoka na milisakan 150 ɗin da yake da su. Ɗan cunkoso kaɗan ya isa ya tura shi waje.

Wani lokaci kuma ɓarnar tana can nesa ƙwarai. A ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, aikin wasu bankuna da ofisoshi ya tsaya cik. A ranar, duk wanda ya goge manhajarsa ya sake saukewa, ko ya sayi sabon sim, asarar kuɗinsa kawai ya yi.

Ruwa, tazara da wuta

Ƙananan hukumomi uku na masarautar Yawuri, wato Yawuri da Ngaski da Shanga, suna da yanayin da littattafan jagora na waɗannan manhajoji ba su yi tunaninsa ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 1,300, tsawonsa ya haura kilomita 130, aka sake wa mutane sama da dubu 40 matsuguni. Al'ummomin Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da masunta Sarkawa suna warwatse ne a gungu-gungu da ƙananan ƙauyukan gaɓa. Kamfanin layi kuwa yana kafa ƙarfensa ne inda jama'a suka taru da inda titi ya bi, musamman babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta ratsa Yelwa zuwa Jega. Wanda ya yi nisa da titi, ya yi nisa da sabis.

Nisa da ƙarfe yana haifar da wata alama ta musamman. Ƙarfen sabis yana watsa saƙonsa da ƙarfin wat gommai, ita kuwa wayar hannu a kan 4G ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Don haka a gefen iyakar sabis, waya tana jin ƙarfe, ƙarfe ba ya jin waya sosai. Wannan shi ne asalin koken da aka fi ji: "Ni ina jin su sarai, su ne ba sa ji na."

Ruwan tafki kansa yana da tasiri iri biyu. Shimfiɗarsa ba ta da tudu ko gini da zai tare, don haka waya a tsakiyar ruwa tana iya kamo ƙarfen da ke can wata gaɓa. Amma fuskar ruwa tana mayar da igiyar rediyo, sai wadda ta zo kai tsaye da wadda ruwa ya maido su haɗu, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Ga kuma waya tana ta sauya sheƙa tsakanin ƙarafa masu nisa da ba wanda ya rinjayi wani. Saƙon rubutu ba ya damuwa da wannan. Kira kuwa kowace sauyawa tana iya cinye masa kalma. Da damina kuma, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana faifan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, musamman masu aiki a zangon da ya haura gigahaz 10.

Sai batun wuta, inda lamarin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tashar Kainji an gina ta da ƙarfin megawat 760, kuma babban layi mai kilobolt 330 ya tashi daga can zuwa Birnin Kebbi, daga nan wani layin ya wuce Yamai. Duk da haka, kamar yadda yake a sauran sassan ƙasar, ƙarafan sabis sun dogara ne a kan janareta da batura da sola. Idan man dizal ya yanke wa ƙarfe ɗaya, jama'arsa sukan koma kan na kusa da shi, shi ma ya cika ya batse. In kuma ƙarfen da ya mutu shi ne mahaɗar wasu da ke bayansa, duk sai su mutu tare. Haka cunkoso yake a ranar kasuwa, ko lokacin bikin Rigata a Yawuri: sandunan sabis a fuskar waya cike suke, amma ba abin da ke motsi, domin sandunan suna nuna ƙarfin isowar sabis ne kawai, ba sa nuna yawan masu rabon sa.

Karanta alama kafin kashe kuɗi

Mai bincike nagari yakan fara da tambayar da ta fi arha: ni kaɗai ne, ko har da na kusa da ni? Idan abokin aiki mai layin wani kamfani yana cikin taron lafiya, matsalar tana layinka ko na'urarka. Idan duk ofis ya faɗi a kan layuka daban-daban, amma sauran shafukan intanet suna buɗewa, to daga kamfanin manhajar ne, sai haƙuri. Idan komai ya tsaya, to babbar hanya ce ta yanke. Wannan tambaya ɗaya tana raba matsalar gida uku cikin minti guda.

Daga nan sai a dubi harafin da ke kusa da sandunan sabis. Harafin E yana nufin wayar ta sauka zuwa 2G, wanda ke iya ɗaukar saƙo amma da ƙyar yake riƙe kiran intanet. H ko H+ na nufin 3G, wanda ke ɗaukar murya, bidiyo kuwa sai an yi sa'a. A yawancin wayoyin Android, cikin bayanan sim, akwai wata lamba mai alamar ragi a gabanta. A kan 4G, kusa da -80 sabis ne mai kyau, daga -110 zuwa ƙasa kuma an kai gargara. Ma'aikaci zai iya zagaya ofishinsa da wannan lamba a hannu, ya ga yadda take sauyawa daga tsakiyar ɗaki mai rufin kwano zuwa bakin taga mai fuskantar ƙarfe. Inda ta fi kyau, nan ne mazaunin rautar ofis, wato na'urar da ke raba intanet, ko da kuwa ba nan teburin shugaba yake ba.

Sauran alamun kowace da inda take nuni. Idan kira bai ma yi ƙara ba, sai daga baya a ga sanarwar an kira, yawanci tsarin tattalin batir ko na tattalin data ne ya kwantar da manhajar. Idan an shiga taro ana ganin mutum amma ba a jin sa ko kaɗan, kuma shiru ne tsaf ba yankewa ba, to ba a ba manhajar izinin amfani da makirufo ba, ko sautin ya tafi wata na'urar kunne ta Bluetooth da ke cikin aljihu. Teams da Zoom duk suna da wurin gwada sauti kafin taro, gwajin ba ya cin minti biyu. Idan manhaja ta ƙi buɗewa gaba ɗaya a tsohuwar kwamfuta, a duba kwanan wata da agogonta, domin in sun karkace, takardun shaidar tsaro ba sa karɓuwa. Idan murya na dawowa da amo, na'urori biyu ne a ɗaki ɗaya suka buɗe lasifika da makirufo.

Akwai alamu uku da suka fi yawa a wannan yanki. Ta farko, kira ya yanke daidai lokacin da wani ya bugo wayar ta layi. A wayoyi masu sim biyu, da waɗanda ba sa ɗaukar kiran layi a kan 4G, shigowar kira tana dakatar da data ko ta sauke ta zuwa 3G ko 2G. Wayar da ke raba wa ofis intanet bai kamata ta zama wadda ake kira a kai ba. Ta biyu, kira ya fara lafiya, bayan minti ashirin hoto ya soma daskarewa, bayan wayar kuma ya yi zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da ke caji tana kuma ɗaukar bidiyo takan rage ƙarfin aikinta da kanta don kada ta ƙone. Ta uku, murya ta lalace a duk lokacin da wani a ofis ya fara tura hotunan rahoto, ko kwamfuta ta soma sabunta kanta. Hanyar fita daga waya zuwa ƙarfe ita ce mafi ƙunci, manyan fayiloli sukan cika ta, ƙunshin murya su tsaya a bayansu a layi.

Wata matsalar kuma daga hedikwata take. Bankuna da manyan ƙungiyoyi sukan sa katangar tsaro a hanyar sadarwarsu, ko su tilasta wa ma'aikaci shiga ta keɓantacciyar hanyar tsaro da ake kira VPN. Teams yana buƙatar ƙofofin UDP daga 3478 zuwa 3481 a buɗe. In an toshe su, yakan koma ta TCP, inda ingancin murya ke raguwa. VPN kuma yana iya kai muryar Legas ko wata ƙasa kafin ta kama hanyarta. Alamar wannan a fili take: kira yana aiki a wayar mutum ta kansa, yana faɗuwa a kwamfutar ofis, a wuri ɗaya kuma a kan layi ɗaya. Babu abin da ma'aikacin Ngaski zai iya yi a kai, aikin sashen kwamfuta ne.

Lissafin bidiyo

Bidiyo shi ne babban mai cin hanya. Microsoft ya ba da shawarar megabit 1.5 a sakan don kiran bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu. A awa guda wannan ya kama megabait 675 a ɓangare ɗaya. Sauti zalla a kan kilobit 60 kuwa megabait 27 ne a awa. Bambancin ninki 25 ne. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, umarnin "kowa ya kunna kyamara" ya zama haraji a kan ƙaramin ma'aikaci, wanda sau da yawa daga aljihunsa yake sayen data. Kashe kyamara, da kashe bidiyon da ke shigowa inda manhajar ta ba da dama, shi ne gyara mafi sauri da arha da ake da shi.

Nauyin da ke kan ma'aikatu da hukumomi

Idan an tattara abubuwan da aka lissafa, za a ga cewa waɗanda ke hannun ma'aikaci su ne ƙanana: izinin makirufo, wurin zama, zafin waya. Manyan kuwa, wato nisan ƙarfe, man janareta, igiyar fiba da katangar tsaro, suna hannun wasu. Tuhumar ma'aikaci a kan taron da ya faɗi, barin jaki ne ana dukan taiki.

Ma'aikatar da ke da mutane a bakin tafki ya kamata ta tsara taronta a kan mafi raunin layi a cikin mahalarta. A aika takardun taro tun jiya, domin rubutu yana iya jira. A mayar da sauti shi ne ƙa'ida, bidiyo sai da dalili. A kauce wa ranar kasuwar garin da lokutan yamma da layi ke cika. A tanadi layukan kamfanoni biyu da ƙaramar sola don rauta. A kuma amince tun farko cewa in kira ya faɗi sau biyu, wani a hedikwata zai bugo ta layi ya sa a lasifika, domin kiran layi na 2G kimanin kilobit 12 yake buƙata, kuma ana keɓe masa hanyarsa. Bayan taro a rubuta abin da aka yanke a aika wa kowa, don kada wanda layinsa ya yanke ya rasa hukuncin da ya shafe shi. Ofishin da ke da hali zai iya duba tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa suna tazarar kimanin kilomita 550, saɓanin tsofaffin da ke kilomita 35,786 waɗanda jinkirinsu ya kai rabin sakan. Sai dai kuɗinsa da buƙatarsa ta wuta sun sa ya fi dacewa da sakatariya ko babban asibiti.

Ga hukumomi kuma, alkawari yana rubuce. Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 10 a karkara da 25 a birane. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma gungayen Kainji misali ne na irin waɗannan wurare. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda Kebbi ke cikin jihohinta, tana da hujjar ɗaukar wutar sola ga ƙarafan gaɓa a matsayin aikin raya ƙasa. A kan ruwan da ya ci rayuka masu yawa a hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021, samun sabis ya wuce batun taron ofis.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa isowar saƙo ba shaida ba ce a kan cewa kira zai yiwu, domin ma'aunin rubutu daban, na murya daban. Ya nuna kuma cewa katsewa tana da alamun da kowane ma'aikaci zai iya koyon karantawa. Abin da ya rage shi ne a mayar da koke ya zama shaida. Kowane ofis a Yawuri da Ngaski da Shanga ya ajiye littafi guda, a riƙa rubuta ranar da kira ya faɗi, da lokaci, da layin, da harafin da ke kan waya, da alamar da aka gani. Bayan wata uku littafin zai nuna ko matsalar ta ranar kasuwa ce, ko ta damina, ko ta hedikwata. Da shi za a tunkari kamfanin layi, in bai saurara ba a kira NCC a lambarta ta kyauta, 622, a kuma miƙa kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da wakilan yankin a majalisa.